Wuyan Kafireto: Abin da Bakanike Zai Ƙera da Abin da Dole Ya Saya



Duk wanda ya tsaya a bakin hanya a Funtuwa ko Malumfashi da kaka ya san babur ne ke fara ɗauko masara daga gona, tirela a bakin kwalta take jira. Buhu biyu a baya, ɗaya a kan tanki, mai mashin ya lafe a tsakiya yana leƙen hanya ta gefe. Haka ake fito da dawa da waken suya da auduga da kwandunan tumatir daga ƙauyukan Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume da Faskari. Shi ke kai taki gona da damina, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Da yawa daga cikin waɗannan babura sun tsufa, wasunsu ma sun girmi samarin da ke hawansu.

A jikin kowanne akwai wani ɗan bututu da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda ya haɗa kafireto da kan inji. Kanikawa na ce masa manifol, wasu su ce wuyan kafireto. A wani mashin na roba ne, a wani na alminiyam, an ɗaure shi da ƙusoshi biyu masu tiredi, da ɗan gasket ko zoben roba a tsakani. Ba mai kula da shi sai ranar da ya tsage ko ya saki. A ranar ne kuma ake gane wane ne bakanike, wane ne mai riƙe da sifana kawai. Ra'ayina a kan wannan abu ɗaya ne, kuma gara in faɗe shi tun yanzu: bakaniken da ya ƙera kayan aikinsa da hannunsa ya cancanci yabo da ƙarin kuɗin aiki, amma wanda ya naɗe tsagaggen manifol da robar tiyub ya ce ya gyara, ya ci amanar mai mashin. Mutane na haɗa su biyun su kira su dabara. Ba ɗaya ba ne.

Bari mu ɗan waiwaya mu ga yadda muka tara tsofaffin babura haka. A 1975 aka fara babban aikin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Aikin ya shafi ƙasashen Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Faskari da Ƙanƙara, tun muna cikin jiha ɗaya da Kaduna, kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. An buɗe hanyoyin karkara, an kafa cibiyoyin sayar da taki, malaman gona suka riƙa zagaya ƙauyuka. A daidai wannan lokacin kuma ma'aikata suka karɓi kuɗin ƙarin albashi na Udoji. Hanya ta samu, kuɗi ya samu, sai Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa suka cika gari. Daga 1986, da darajar naira ta fara zubewa, sabon mashin na Japan ya fi ƙarfin talaka, aka koma lallaɓa tsoho da sayen na hannu. Daga baya na Sin suka shigo, su Jincheng da roba-roba, sannan Boxer ta Indiya ta mamaye kabu-kabu. Kowane zamani ya bar mana nasa a gareji, kuma kowanne da irin wuyan kafiretonsa.

To me ya sa wannan ɗan bututu ya isa a yi masa sharhi? Saboda inji ba fetur kaɗai yake sha ba. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone yadda ya kamata. In an auna da lita, kowace lita ɗaya da ka zuba a tanki, injin zai zuƙi iska kimanin lita 9,000 zuwa 10,000 kafin ya gama da ita. Aikin kafireto shi ne auna wannan haɗin. Idan akwai 'yar kafa tsakanin kafireto da inji, iskar da ba a auna ba za ta shiga ta bayan gida, haɗin ya zama kamar furar da aka cika wa ruwa ta yi tsululu. Inji mai shan irin wannan haɗi zafi yake yi fiye da ƙima. Za ka ga ba ya tashi sai da cok. Ka murza totur ka saki, ƙarar ta ƙi sauka da wuri. Silo ya ƙi zama wuri ɗaya, salansa na tari in ana gangara. Ka kwance fulogi ka ga bakinsa fari fat, maimakon ruwan ƙasa-ƙasa.

Kuma iskar da ta shiga ta wannan kafa ba ta bi ta matatar iska ba. Ku tuna da hanyoyinmu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke rufe gari, ga jar ƙasar da motoci ke tayarwa. Wannan ƙura kai tsaye take wucewa cikin silinda, ta haɗu da mai ta riƙa goge fistin da zobe. A injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, irin Jincheng mai hayaƙi, abin ya fi muni, domin zafin kan sa fistin ya cije ana cikin gudu, wani lokaci ma ya huje. Mutum ya canza fistin da zobe, bayan wata biyu inji ya sake bugawa, ya ce kayan yanzu ba su da kyau. Kayan yanzu na da nasu laifin, amma sau da yawa kafar da ta kashe na farko ce ta kashe na biyu, ba wanda ya duba ta.

Akwai kuma asarar mai. Mutum zai ce ai in iska ta yi yawa, mai kaɗan za a sha. A'a. Abin da ke faruwa shi ne bakanike ya buɗe wa kafireto mai don ya rufe matsalar, ko mai mashin ya riƙa tafiya da cok a rabin buɗe. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda ke kai kaya kasuwa kullum ya san abin da rabin lita ke nufi a aljihunsa.

Yanzu mu shiga gareji mu ga aikin da kansa. Cire tsohon manifol a sa sabo, a baki abu ne mai sauƙi: ƙusa biyu ce. Amma ƙusoshin na ƙarfe ne, kan injin kuma na alminiyam. Ƙarfe da alminiyam in suka daɗe tare, ga ruwan damina ga zafi, sai su manne da juna. Ka sa ƙarfi ƙusa ta karye a ciki, ko ta fito da tiredin alminiyam ɗin naɗe a jikinta. Kamfanonin da suka yi baburan suna da kayan aiki na musamman don irin wannan, amma wane bakaniken ƙauye ne zai same su, kuma nawa? Nan ne hannun mutum ke nuna kansa.

Kayan aiki na farko shi ne abin da kowane yaron gareji ya kamata ya iya kafin a bar shi ya taɓa inji: noti biyu. In ƙusar irin wadda ba ta da kai ce, tana tsaye a jikin inji, sai a ɗaura mata noti biyu a matse su da juna, a juya na ƙasa. Ƙusar za ta fito lafiya, tiredinta bai ji ciwo ba. Wanda bai sani ba filaya yake sa mata ya tauna ta. In ta ƙi motsi, ba a ƙara tsawon sifana, zafi ake ba ta. Alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa, saboda haka in aka ɗumama wurin, ramin kan saki ƙusar da kansa. Tafasasshen ruwa ma kan wadatar, ko a cire kan injin a ajiye kusa da garwashi. Sai dai a fara cire kafireto da tanki a kai su nesa, don garwashi da fetur ba sa zama inuwa ɗaya.

In ta riga ta karye fa? Masu walda na gari suna ɗora noti a kan guntun da ya rage, su cika cikin notin da walda. Walda ba ta kama alminiyam, ƙarfen kawai take kamawa, zafinta kuma ya taimaka wajen sakin tsatsa. A bari ya huce, a juya a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan. A tuna a cire batir da akwatin wuta kafin a jona waldar. In guntun ya nutse can ciki har walda ba za ta kai ba, sai huda. A nan na ga dabarar da ta fi burge ni. Bakanike ya ɗauko tsohon manifol ɗin da za a jefar, ya yanke bututun ya bar faffaɗan gindin mai rami biyu. Ya ɗaure shi a mazauninsa da ƙusa ɗaya mai lafiya, a ɗaya ramin kuma ya cusa ɗan siririn bututun ƙarfe da ya cika shi daidai. Ta cikin wannan bututun bakin diril ke bi, ba ya kaucewa dama ko hagu. Wanda ya taɓa ganin yadda diril ke zamewa daga kan ƙarfe mai tauri ya faɗa cikin alminiyam mai laushi ya ɓata kan inji gaba ɗaya, shi zai san darajar wannan guntun da ba a saye shi ko kwabo ba.

Sai gyaran tiredi. Ana samun ƙusa mai ƙwari, irin wadda aka buga wa lamba 8.8 a ka, a tsaga mata layi uku a tsaye da zarto ko magagari, a shafa mata giris, a riƙa shigar da ita ramin ana fitarwa. Tsagogin nan su ke kwaso datti da ɓurɓushi, giris ya riƙe su. Wannan tana share tiredin da ya toshe ne kawai, ba ta yanka sabo. In tiredi ya cinye gaba ɗaya, sai a kai wa masu injin fere ƙarfe su faɗaɗa ramin su dasa masa sabon gida. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsinto kowace ƙusa daga cikin gwangwanin tarkace a tura da ƙarfi. Baburan Japan da Sin da Indiya da ma'aunin milimita aka yi su, kuma ƙusar wannan wuri galibi mai kaurin milimita 6 ce, tazarar zarenta milimita 1. Akwai ƙusar kwatan inci da ke kama da ita a ido, amma ta ɗan fi ta kauri kuma zarenta ya fi tazara. Za ta shiga zagaye ɗaya ko biyu kamar gaske, daga nan sai ta fara yanka. Yaro ya ji ta yi tauri ya ɗauka ta kama, alhali ya gama da ramin.

Ga wani abin lura a kan sukundireba. Ƙusoshi masu kan gicciye na tsofaffin baburan Japan an yi su ne da ma'aunin Japan, kuma sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Sukundireban kasuwa bakinsa ya fi tsini, ba ya zama daram a cikinsu, shi ya sa yake tsalle ya cinye kan ƙusa. Tsofaffin kanikawa ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun lura. Sai su goge tsinin bakin kaɗan a kan dutse har ya zauna, su ɗan buge shi da guduma kafin su juya.

Wanda na fi so a cikin kayan nan duka shi ne mafi araha: guntun gilashi mai kauri da samfefa. Gindin manifol na alminiyam, da gindin kafireton Vespa da ke zaune a cikin akwatinsa a kan inji, suna lanƙwasa ne saboda yawan matsi. Kunnuwan biyu su sunkuya, tsakiya ta ɗaga, kuma ko gasket nawa aka sa iska sai ta wuce. Bakanike ya shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ya ɗiga mata kananzir, ya shafa wa fuskar ƙarfen baƙin tawada ko toka, ya riƙa murza shi yana zagayawa. Bayan ɗan lokaci ya ɗaga ya duba. Gefe biyu sun yi haske, tsakiya na nan baƙa. Ya ci gaba, ba gaggawa, yana juya shi a hannu don kada gefe ɗaya ya fi ci. Sai baƙin ya ɓace ko'ina sannan ya tsaya. Gilashi a miƙe yake, shi ya sa ake amfani da shi. Wanda ya yi wannan aikin a kan benci ko siminti ya ƙara wa abin karkata ne kawai. Gasket kuma a kan ƙarfen ake yanka shi: a ɗora takardar gasket, a riƙa ƙwanƙwasa gefen a hankali da kan ƙaramar sifana har siffar ta fito, ramukan ƙusa a huda su da guntun bututu da aka wasa wa baki.

Wajen ɗaurewa ake ɓata rawa da tsalle. Ƙusar milimita 6 ba ta bukatar ƙarfin ƙato. Matsin da ya dace da ita bai wuce kamar a rataya nauyin kilo 10 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 10 ba. A ɗaura wannan kaɗan, a ɗaura waccan kaɗan, har su zo daidai. Akwai kuma wani baƙin faifai mai kauri da wasu injuna ke da shi a tsakanin kafireto da kan inji, wanda yara kan jefar su ce ba ya aikin komai. Shi ke tare zafin inji kada ya kai ga kafireto ya tafasa fetur. Mashin ɗin da ke ƙin tashi in ya yi zafi, a tambaya ina faifan nan ya tafi.

To, duk wannan ƙirƙira ce mai kyau, domin kayan aiki aka ƙera, kuma kayan aiki ba ya bin mai mashin gida. Matsala na farawa ne lokacin da aka ce za a ƙirƙiri abin da zai zauna a jikin inji yana shan fetur da zafi. Robar tiyub ɗin taya an yi ta ne don riƙe iska, fetur kumbura ta yake yi ta yi laushi. Tiyon lagireton mota an yi shi don ruwan zafi, shi ma bai jure fetur. Gam ɗin silikon da ake lafta wa gasket yana jiƙewa ya saki, gutsattsarinsa su bi iska su shige inji. Sufa gulu da yashi kuwa ƙanƙarewa yake yi, jijjigar farko ta tsaga shi. In mutum ya lalace a daji tsakanin gona da gari, ya naɗe da tiyub don ya kai gida, ba wanda zai ga laifinsa. Laifin shi ne a karɓi kuɗin gyara a kan wannan, ko mai mashin ya shekara da shi yana cewa ai yana tafiya. Masu narka alminiyam su zuba tukwane ma sukan zuba manifol in an kai musu samfur, kuma wani yakan yi kyau. Amma zubin yashi kan bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, don haka sai an goge fuskarsa a gilashi an kuma gwada shi kafin a amince.

Kada kuma a ɗora wa kanikawa laifin duka. Ku saurari abin da ake yi a bakin gareji ranar kasuwa.

"Malam, don Allah ɗaure min shi haka nan, kasuwa na ci."

"Baba, robar nan ta mutu. In na ɗaure ta haka, jibi a ture za ka dawo da shi."

"Jibin ma Allah ya kai mu. Nawa ne sabuwar?"

Aka faɗa masa, ya riƙe baki. Aka ce akwai mai sauƙi, ya ce a sa mai sauƙin. Bakanike ya san mai sauƙin ba za ta ga ƙarshen rani ba, amma in ya ƙi, na gaba da shi zai karɓa. Shi kuma aikin gilashi da samfefa da ya ci rabin sa'a, ba wanda ke biyan sa, domin mai mashin bai ga an sa sabon abu ba. Mun saba biyan kuɗin kaya, ba mu saba biyan kuɗin natsuwa ba. Muddin haka ne, mai tiyub zai fi mai gilashi ciniki, yaran da ke koyo kuma su bi inda kuɗi yake.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Amurka, masu tsofaffin Harley-Davidson na shekarun 1930 da 1940 suna da ɗan bututu mai tiredi da aka murɗa cikin inji aka kuma kafe shi da ƙusa, kuma kamfanin ya daɗe da barin irin wannan ƙira. Masu tsofaffin BMW na Jamus su ma nasu bututun murɗa shi aka yi cikin kan inji na alminiyam. Da yawansu a gida suke ƙera abin cirewa da na dasawa, suna ɗumama kan inji kamar yadda namu ke yi. Bambancin shi ne su sha'awa ce, mu abinci ne. Amma akwai ɗabi'a ɗaya tasu da nake so mu ɗauka: ba sa cewa aiki ya gama sai sun gwada da iska da ruwan sabulu.

Wannan gwaji ba ya bukatar komai da babu shi a Funtuwa. A sami ɗan faifan ƙarfe ko katako mai faɗin bakin manifol, a huda tsakiyarsa a dasa bawul ɗin tsohon tiyub, a shimfiɗa masa roba, a ɗaure shi a inda kafireto ke zama. A juya inji har bawul ɗin shigar mai ya rufe. A sa famfon keke a buga sau biyu ko uku a hankali, a shafa ruwan omo a duk mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan ɓarawon yake. A injin mai hayaƙi sai an toshe mafitar salansa ma, kuma iskar ta zama kaɗan don kada a ture robobin cikin inji. A nan tiyub ya yi amfani, domin iska kawai zai riƙe na minti biyar. Ku kwatanta wannan da abin da aka saba, wato a yayyafa fetur a wuyan kafireto inji na aiki a saurari ko ƙara za ta canza. Yana nunawa, gaskiya ne, amma fetur a kan inji mai zafi kusa da wayar fulogi, ba sai na faɗa muku ƙarshensa ba.

Kamfanonin ma da kansu sun san irin rayuwar da baburansu ke yi a hannun irinmu. Kafin Honda ta fitar da CG125 a 1975, sai da ta tura injiniyoyinta ƙasashen Asiya suka ga yadda ake lafta wa mashin kaya, ana barin baƙin mai har ya zama kwalta. Suka dawo suka ƙera inji mai sauƙin gyara da jure wulaƙanci, wanda har yau masana'antun Sin ke kwaikwayo. Injin da aka yi don a gyara shi ne, saura a samu mai gyaran. Kuma sauya mashin ba ya cikin lissafin yawancin manoma. Ku tuna ƙarshen Agusta 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta kafa dokar matakan tsaro, aka dakatar da cinikin babura na hannu a kasuwar Charanchi, aka hana sayar da fetur a jarka. A irin wannan lokaci wanda ke hannunka shi ne naka, bakaniken unguwarku kuma shi ne kamfaninka.

Saboda haka ina da kira. Ga shugabannin ƙungiyoyin kanikawan babura na Funtuwa da Malumfashi da Bakori da sauran garuruwa: akwai kayan da ba a ƙerawa a gida, kamar abin yanka sabon tiredi, da ma'aunin kauri, da sifana mai auna matsi. Mutum ɗaya ba zai iya saye ba, amma ƙungiya za ta iya, a ajiye a hannun amintacce ana ara. Ga hukuma kuma, misali na nan kusa. A Kaduna, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta haɗa kai da masu sana'ar kasuwar Panteka, ana auna ƙwarewarsu ana ba su takardar shaida, ba tare da an ce sai sun koma aji ba. Mutumin da ya iya fitar da karyayyiyar ƙusa daga alminiyam bai ɓata rami ba, ya cancanci irin wannan takarda a Jihar Katsina. Kuma hannun da ya iya wannan shi ne zai gyara injin ban-ruwa na 'yan fadama, don shi ma kafireto da wuya gare shi.

Kai kuma mai mashin da ke saurare na, in naka ba ya tashi sai da cok, ko ƙararsa na ƙin sauka in ka saki totur, kada ka bari a fara da canza fistin. Ka ce a duba wuyan kafireto tukuna, a gwada da ruwan sabulu a gabanka. In robar ta tsage, sayi mai kyau. In ka ga bakanike ya ɗauko gilashi da samfefa, ka nemi benci ka zauna, in ya gama ka biya shi kuɗin wannan rabin sa'ar.